Ledar jirgina ta yi tamoji, ya ake miƙar da ita ba tare da ta ƙone ba?

Abba_Rimot (Kano):

Salamu alaikum 'yan'uwa masu harkar jiragen rimot. Dan Allah taimako nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar nan. Akwai wani jirgi da na yi oda daga Chaina, irin na koyo ɗin nan mai fiffike a sama, faɗin fukafukansa kusan mita ɗaya da rabi, na katakon balsa ne an riga an lulluɓe shi da leda tun daga kamfani, kai dai haɗawa kawai za ka yi ka sa motar lantarki mai juya farfela da batir da sarbo, wato ɗan injin da ke motsa sassan juya jirgin. Lokacin da ya iso wajen ƙarshen damina wlh sumul yake, ledar nan a ɗame tana ta sheƙi, to kuɗin sauran kayan bai cika ba sai na mayar da shi kwalinsa na ɗora a saman wadirof. Yanzu da sanyin nan ya shigo na sauko da shi zan fara haɗawa, sai na tarar ledar duk ta saki, saman fiffiken ya yi tamoji layi-layi tsakanin haƙarƙarin, wato siraran katakan da ke jere a cikin fiffiken, wutsiyar ma haka, sannan a gefen gangar jikin inda katako ne shafe akwai wasu bororo ƙanana, in ka danna da yatsa su kwanta in ka ɗaga su taso.

Na ari dirayar gashin ƙanwata na hura masa har hannuna ya gaji, ba abin da ya canza sai ma faɗa da na sha wai zan ƙona mata kaya. Tambayata ita ce, dutsen guga na gida zai yi ko zai narkar da ledar? Kuma shin cutata aka yi aka turo min mai matsala ko dama haka suke yi? In na tashe shi a haka akwai matsala? Ngd.

Injiniya_Zazzau:

Wa alaikumus salam Malam Abba. Kwantar da hankalinka ba wanda ya cuce ka, kuma ledar ba ta lalace ba. Hasali ma ba ledar ce ta canza ba, katakon ne. Balsa icce ne mai shan laima sosai, yawancinsa daga Ikwado ake fito da shi, a kai shi kamfani a wuri mai danshi a ƙera jirgin a lulluɓe shi yana ƙoshe da laima, sai ya zo ya same ka a damina nan ma iska da danshinta, shi ya sa ka gan shi sumul. Da hunturu ya shigo danshin iska a Kano da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon ya bushe ya tsuke, ita kuma leda roba ce ba ruwanta da danshi tana nan yadda aka yanka ta. Kamar mutum ne ya yi jinya ya rame, rigarsa ta sallah ta yi masa yawa. Duk wanda ya taɓa sayen irin jirgin nan a arewa ya ga haka, har Turawan da ke zaune a wurare masu bushewa kukan da suke yi kenan, shi ya sa littafin da ke zuwa a kwalin sau da yawa abu na farko da zai ce maka shi ne ka bi ledar da zafi kafin ka fara haɗawa.

Dirayar gashi kuwa ba za ta yi ba, yawancinsu iskarsu ba ta kai ko digiri 100, ita kuma ledar sai wajen 150 take fara tsukewa da gaske. Bari in ba ka lissafin da kowa ke aiki da shi. Oracover, ledar da ake yi a Leipzig ta Jamus, wadda a Amurka ake sayar da ita da sunan UltraCote, gam ɗin da ke bayanta yana kamawa a wajen digiri 90 zuwa 100, tana fara tsukewa a wajen 150, iyakar tsukewarta wajen 175 zuwa 180. MonoKote, ita ma wata ledar jirgin ce, ta fi ta son zafi tun daga wajen mannawa. Ta Chaina da ke zuwa a jikin jirage masu sauƙin kuɗi ba a rubuta maka komai, wata tana tsukewa da wuri wata kuma tana da taurin kai, don haka kar ka yarda da lamba, gwaji za ka yi. Duba cikin kwalin ko akwai ɗan ƙyallen leda da suka saka na faci, in babu to fara gwajin a ƙarƙashin jirgin inda ido ba ya kai.

Dutsen guga na lantarki zai yi, ni ma da shi na fara kafin in samu ɗan ƙaramin na aikin. Juye ruwan cikinsa tas ka kashe tururin. In ka duba maɓallin akwai ɗigo-ɗigo, ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Na uku ba ruwanka da shi. Samu tsohuwar safa ta auduga ko guntun singileti ka sa wa ƙasan dutsen ka ɗaure ta sama, don kar ya karce maka leda, amma ka tabbata auduga ce zalla don mai roba a ciki narkewa za ta yi ta manne maka a fiffike.

Abin da mutane ke tsallakewa kuma shi ne ya fi komai muhimmanci: kafin ka taɓa tamojin, fara bin gefuna. Sa dutsen a ɗigo ɗaya ka bi duk inda leda ta ƙare ko ta hau kan 'yar'uwarta, gaban fiffike, bayansa, bakin ƙarshe, zagayen ramin sarbo, ka danne su su kama sosai. Dalili, in ka ba tsakiya zafi ta fara tsukewa jan gefen za ta yi, in gefen bai kama ba sai ta zame ta bar maka katako a fili, kuma in ta zame ba ta dawowa. Bayan nan sai ka ƙara zafi kaɗan-kaɗan zuwa ɗigo biyu. Inda babu katako a ƙasa, wato tsakanin haƙarƙari, ba dannawa ake yi ba, shafawa ake yi sama-sama nauyin dutsen yana hannunka, kana zagayawa kana kallo, za ka ga tamojin yana ɓacewa da kansa a gaban idonka, da ya ɓace ka matsa gaba kar ka tsaya jin daɗi. Inda katako ne shafe kuma can ne ake dannawa, ka ba shi zafi ka bi bayan dutsen da tsumma mai laushi kana dannewa har ya huce don gam ɗin ya kama yana kwance.

Kuma kar ka fara da zafi mai yawa don ka gama da wuri. Irin su Oracover in ka tsuke su a wani zafi, gobe in sun sake saki sai ka wuce wancan zafin kafin su motsa. In yau ka kai ta ƙarshe, baɗi da hunturu ba ka da sauran abin ja. Ba ta daidai abin da zai kawar da tamojin ka tsaya nan.

Sadiq GSM:

Oga Abba kazo kasuwar waya ta Farm Centre da fiffiken kawai mu gama maka a minti goma, bulowar iska mai zafi da muke cire IC (ƙananan kayan cikin waya) da ita tafi duk wani dutsen guga don ita kana saita zafin da lamba tun daga 100 har sama da 400 kuma bata taɓa ledar balle ta karce ta. Ni nawa da ita nake yi, ina cire bakin nan siriri gaba ɗaya in barta a buɗe don iskar ta bazu, in saita wajen 200 tunda kafin iskar ta isa jikin leda ta rage zafi, in riƙe ta nesa kamar tsawon tafin hannu ina yawo da ita. Sai dai gsky ka kula in wani ya gama aiki da ita zaka tarar tana kan 350 ko fiye, in baka duba ba ka ɗora a jirgi kafin kace me ta huda maka rami zagayayye. Kuma ka cire batir da risiba mai karɓar saƙon rimot tukun, gilashin gaban nan na roba shima ka cire ko ka rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma don yana lanƙwashewa nan da nan.

Baba Damagaram:

Sannunku da aiki samari. Injiniya ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani. Amma ni ban goyi bayan shawarar ɗana Sadiq ba ga wanda bai taɓa yi ba. Ba don bulowa ba ta aiki ba, tana yi, ta ma fi sauri. Matsalarta tana dumama wuri mai faɗi lokaci guda, har da gefunan da ka gama mannawa, gam ɗinsu ya yi laushi a daidai lokacin da tsakiya ke ja. Wanda ya saba yakan shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan gefen ya kare shi, kuma ya san lokacin da zai janye hannu tun kafin leda ta nuna alama. Sabon shiga bai san wannan ba sai ya ɓata fiffike ɗaya. Dutsen guga a hankali yake, inda ka ɗora nan kaɗai ke ɗaukar zafi.

Amma abin da ya sa na sa baki ba wannan ba ne. Kowa na maganar tamoji, ba wanda ya yi maganar murɗewa, alhali tamoji ba ya kayar da jirgi, murɗaɗɗen fiffike ne ke kayar da shi. Ka tambaya ko za ka iya tashinsa a haka, e za ka iya, jirgin koyo mai tafiya a hankali ba zai ma san da tamojin ba matuƙar gefunan a manne suke iska ba ta samun wurin shiga. Sai dai leda ɗamammiya tana ƙara wa fiffike ƙarfi, don haka gyaran yana da amfani, ba ado ne kawai ba. To amma ledar nan in tana tsukewa ƙarfi gare ta fiye da yadda kake zato, balsa kuma ba shi da wani ƙarfin gardama. In ka ja saman fiffike sosai ka bar ƙasan a sake, sai ya lanƙwashe ko ya murɗe, ido ba zai nuna maka ba kana tsaye a kansa, sai ranar tashi ka ga jirgi na ta karkata gefe ɗaya kana ta faman gyara da rimot, ka rage gudu za ka sauka ya kife maka ta wannan gefen.

Don haka ka yi sama kaɗan, ka juya ka yi ƙasa kaɗan, ka yi dama ka yi hagu, kar ka gama fuska ɗaya tas sannan ka koma ɗayar. Wutsiya ta fi haɗari don katakonta siriri ne shafal, ita kam bayan ka ba ta zafi fuska biyu ka kwantar da ita a kan tebur mai santsi ko gilashi ka ɗora littattafai har ta huce. In ka gama sai ka ɗaura fiffiken a jikin jirgin, ka ajiye shi a tebur, ka ja baya kamar taku uku ka tsuguna ta bayansa idonka daidai da bakin bayan fiffiken, ka rufe ido ɗaya. Abin da kake gani na ƙasan fiffike a dama dole ya zama daidai da na hagu. In gefe ɗaya ya fi nuna cikinsa to ya murɗe.

Gyaransa ba wuya amma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe gindin fiffiken a tebur ko tsakanin gwiwoyinsa, ya kama ƙarshen ya murɗa shi zuwa ɗaya ɓangaren ya ɗan wuce daidai kaɗan, za ka ga sabon tamoji ya fito a karkace, ɗayan ya bi wannan tamojin da dutsen guga sama da ƙasa har ya kwanta, mai riƙon kuma kar ya saki sai leda ta huce sarai. Ku duba, in bai isa ba ku ƙara. Wani abu kuma, in ka ga ƙarshen fukafukan duka biyun bayansu ya ɗan ɗaga sama daidai wa daida, kar ka gyara wannan, da gangan ake yin sa don kar ƙarshen fiffike ya riga gindinsa rasa iska lokacin da jirgi ya rage gudu. Wanda ake tsoro shi ne akasin haka, ko kuma gefe ɗaya ya bambanta da ɗaya.

Mu nan da bushewar ta fi taku, in jirgi ya zo ba na taɓa shi da zafi sai na fito da shi daga kwali da ledar da aka naɗe shi ya sha iskar ɗaki sati ɗaya ko biyu, katakon ya gama abin da zai yi. Naka ya riga ya daɗe amma a rufe yake, ka bar shi a buɗe 'yan kwanaki tukuna, in ba haka ba ka gyara yau jibi ya sake saki.

Sadiq GSM:

Baba na yarda da maganar murɗewa wlh, amma bulowa ba laifinta bane laifin mai riƙewa ne 😂 kuma ƙarshen fiffike inda yake zagaye dutsen guga na gida ƙato ne baya shiga.

Abba_Rimot (Kano):

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Baba na gode, wlh ban taɓa kawo maganar murɗewa a raina ba. Na fito da shi na jingine a ɗaki kamar yadda ka ce. Sauran tambaya biyu, unguwarmu wuta sai a hankali, in sun kawo ma tsakar dare ne kuma ƙaramin janareto na ba ya ɗaukar dutsen guga, to na gawayi fa tunda akwai mai wanki da guga a ƙofar gidanmu? Sannan bororon nan na gefen jiki da kuma jan layin ado da aka manna a kan farar ledar, shi ma ya ɗan tattare, duk hanya ɗaya ce?

Injiniya_Zazzau:

Na gawayi kam a'a Malam Abba, rufa wa kanka asiri. Ba ka da yadda za ka san zafinsa, yanzu ya yi sanyi an ɗan fifita shi ya wuce 200, ga nauyi, ga tartsatsi da toka, ɗan garwashi ɗaya ya faɗo a leda ya gama da ita, balsa kuma busasshe ba ya jiran a roƙe shi kafin ya kama wuta. Gara ka jira wutar ko da tsakar daren ne, aikin bai fi awa ɗaya ba. Ko ka nemi ɗan ƙaramin dutsen guga na matafiya, wutar da yake ja ba ta kai ta babba ba kuma ya fi daɗin riƙewa a irin wannan aikin, yana shiga lungu. In kuma ba yadda za a yi to ka je wajen Sadiq amma ku sa Baba a zuciya, ka fara manne gefuna a gida.

Wata dabara ta sanin zafi in maɓallin dutsenka ya goge: ɗiga ruwa a ƙasansa, in ya fara tafasa yana ƙara a hankali to ka kai wajen 100, daidai mannawa kenan. Na tsukewa kuma ɗora ɗan ƙyallen ledar a kan dutsen fuskar gam tana sama, in ta yi lamo zafi bai kai ba, in ta fara motsi tana tattarewa a hankali ya yi, in ta dunƙule nan take ko launinta ya canza ya yi yawa, rage ka jira. Ka tuna kuma na gida zafinsa hawa da sauka yake, lokacin da fitilar nan ta mutu shi ne ya fi zafi, ɗan dakata kaɗan kafin ka ɗora.

Bororo iska ce ta maƙale tsakanin leda da katako, wani lokaci kuma tururin laimar katakon ne. In ka ɗora zafi a kai haka nan iskar kumbura za ta yi bororon ya ƙara girma. Samu allura siririya ka huda shi a gefe ɗaya, huda ɗaya ko biyu ya isa, sai ka taho da dutsen daga ɗaya gefen kana koro iskar zuwa hudar, ka bi da tsumma ka danne. Hudar ba za ta ganu ba in ya kwanta. Haka in ka ga wani ɗaki na fiffike yana kumbura kamar za a busa shi lokacin da kake ba shi zafi, iskar ciki ce ba ta da mafita, huda shi da allura ta ƙasa kusa da haƙarƙari.

Layin ado shi ne mai wuyar sha'ani don leda ce a kan leda. In ka ba shi zafin tsukewa zai ja ya karkace, layin da yake miƙe ya koma kamar an zana da hannu, gam mai launi kuma ya fito ta gefensa ya ɓata farar. Shi zafin mannawa kawai yake so, ɗigo ɗaya, ka danna daga tsakiyarsa zuwa gefe. Farar da ke kewaye da shi ita za ka tsuke, kana kaucewa layin gwargwadon iko. In gam ya fito ya yi datti, ɗan asiton a auduga yana goge shi, irin na cire jan farce, amma gwada a ɓoyayyen wuri tukuna don ledar Chaina wata launinta a sama yake yana bin auduga. Sitika masu rubutu kuwa kar zafi ya je kusa da su ko kaɗan.

Maman Ilham:

Sannunku. Ni tsokaci zan yi saboda masu karantawa da ba irin jirgin Malam Abba gare su ba, don na san yawancin yaranmu da ke wannan harkar ba balsa suke samu ba, da soso suke yi, irin farin nan na cikin kwalin firji ko allon soso mai takarda, su lulluɓe da selotef mai launi. Ina koyar da kimiyya a sakandare kuma da irinsu muke yi da ɗalibai. Dan Allah duk lambobin nan da Injiniya ya kawo ba na soso ba ne, soso tun kafin digiri 100 yake fara lotsawa, in ka sa masa ɗigo biyu rami za ka tarar a ƙarƙashin selotef ɗin. Selotef in ya yi tamoji ba a gyara shi da zafi, ɓare shi ake yi a sa wani, ana mannawa ana bi da tsohon katin ATM.

Abin da muka samu yana mana aiki shi ne ledar laminatin, ba mai kaurin nan ta satifiket ba, siririyar da ke zuwa a naɗe wadda masu buga littattafai ke sa wa bango. Fuskar da ba ta sheƙi ita ce mai gam, tana kamawa da ɗan zafi kaɗan, ga arha ga ƙarfi. Aibinta ba ta tsukewa sosai kamar ledar jirgi ta asali, don haka tun wajen shimfiɗawa za ka ja ta ta miƙe, in ka bari ta yi tamoji babba da wuya zafi ya cire shi. Masu jirgin soso na kamfani kuma irin mai laushin nan da ake kira EPO, in ya lotsa ruwan zafi ake zuba wa wurin ya taso, ba guga ba.

Sannan Malam Abba in ka gama gyaran kar ka bar shi a cikin mota a rufe ko a shanye a rana a fili, musamman wurin da launin ya yi duhu, zafin watan Maris da Afrilu kaɗai ya isa ya sake sakar maka da leda. Mu tsohon zanin gado fari muke yafa wa namu in muna jiran layi.

Abba_Rimot (Kano):

Alhamdu lillahi jama'a, sun kawo wuta jiya da daddare na zauna na yi. Na bi gefuna da ɗigo ɗaya kamar yadda Injiniya ya ce, ashe ma bayan fiffiken hagu ledar ta ɗan ɗaga ban lura ba sai da na bi da farce. Tawa ba ta ma kai ɗigo biyu ba ta fara miƙewa, tsakanin ɗaya da biyu na tsaya. Abin gwanin sha'awa wlh, kana shafawa tamojin na gudu. Bororon ma duk sun kwanta da allura. Na tsuguna ta baya na duba irin na Baba, ni dai a idona daidai suke amma zan sa wani ya sake duba min da rana.

Saura wuri ɗaya, can ƙarshen fiffiken dama inda yake zagaye akwai wasu tamoji guda uku ƙanana masu kaifi, sun ƙi tafiya, na ƙara zafi har na ga wurin ya fara canza launi sai na tsaya. Su kuma fa?

Baba Damagaram:

Madalla ɗana, gara da ka tsaya. Waɗannan ba na hunturu ba ne, tun daga kamfani suke, wanda ya lulluɓe bai ja ledar sosai ba a wurin zagayen sai ta ninku gam ya kama gam. Irin wannan zafi ba ya buɗe shi, ƙara zafi sai dai ya huda. In da sauran leda a gefen da za ka kama, da sai a dumama a ɗaga a ja da hannu a sake kwantarwa, amma na kamfani sun riga sun yanke ta ƙarƙaf ba abin kamawa.

Ni dai shawarata ka danne su da bakin dutsen su kwanta ka ƙyale su, jirgin koyo ne, ƙarshen fiffiken nan shi zai fara gogar ƙasa ranar farko. In kuma ranka bai kwanta ba, sa sabuwar reza ka yanke wurin a hankali kar ka shiga katakon, ka yanko faci ya fi ramin da kamar rabin santimita ko ɗan fi ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kusurwa mai tsini ita ke fara ɓarewa. Goge wurin da sifirit ya bushe, cire takardar bayan facin, manna da ƙaramin zafi daga tsakiya zuwa waje kana ɗan jan sa yana bin zagayen. In faci biyu za ka sa, fara da na baya sannan na gaba ya hau kansa, don iska ta bi ta saman haɗin kar ta samu bakin da za ta ɗaga. Kuma ka sa wanda zai duba maka murɗewar ya duba wutsiyar ma, ba fiffike kaɗai ba.